Kwafi uku, ɓarna iri ɗaya: yadda wani shagon hoto a Damagaram ya gyara ma'ajiyarsa

A unguwar Zango, ba nisa da Kasuwar Dole, akwai wani shago da ke cin abinci da hoto. Bidiyon biki da suna, hoton katin shaida, sikan ɗin takardun fili da difloma, duk suna yi. Mai shagon wani Alhaji ne da ya fara sana'ar tun zamanin kamara mai fim, kuma mutum ne mai taka-tsantsan. Duk aikin da aka gama sai an ajiye shi wuri uku: cikin babbar kwamfuta, kan faifai mai juyawa na waje, da kan wani SSD, wato faifai marar juyawa, da ke kwance a dirowar ƙarfe. Wannan hali nasa ya sa wani gidan malamai a Birni ya amince ya ba shi takardun kakanninsu, rubutun hannu na Larabci da ajami, wasiƙu da littattafan fiƙihu da gara ta fara lasa, domin a ɗauki hotonsu shafi-shafi.

Ranar da jikan gidan ya zo karɓar aiki aka buɗe a gabansa, sai ga shafuka da dama sun fito rabi lafiya rabi toka-toka. Wasu daga tsakiya zuwa ƙasa launinsu ya rikiɗe ya koma kore, layin rubutu ya goce gefe. Alhaji bai girgiza ba, ya ce a ɗauko na faifan waje. Aka ɗauko: shafukan nan dai, ɓarnar nan dai, a daidai layin nan. Aka ciro SSD, shi kuma ya zo da tasa rigimar. Ban da shafukan da suka lalace iri ɗaya, buɗe tsohon fayil a cikinsa sai an yi ta jira, wasu bidiyoyin biki ma suka ƙi buɗuwa sam.

Da aka kira ni, yaran shagon sun riga sun yanke hukunci cewa birus ne, har sun wanke kwamfutar sun sake zuba mata Windows.

Inda ɓarnar ta shiga

Faifai uku, na kamfanoni dabam-dabam, ba sa haɗa baki su lalace a wuri ɗaya. Idan kwafi uku sun yi ciwo iri guda, to tun kafin a kwafe su ciwon ya shiga. Allah ya taimake mu akwai katin memori ɗaya na kamara da ba a goge ba tukuna, mai ɗauke da asalin wasu shafukan. Muka gwada na katin da na kwamfutar, harafi da harafi, da ƙaramin shiri mai kwatanta fayil biyu. A fayil mai nauyin miliyoyin bit, bambancin bai wuce bit ɗaya ko biyu ba, kuma kullum a matsayi ɗaya cikin jerin, sifili ne yake komawa ɗaya.

Ga wanda bai saba ba: duk abin da ke cikin kwamfuta jerin sifili da ɗaya ne, kowane guda shi ake kira bit, kuma darajarsa ta danganta da inda ya zauna. A cikin lamba 10,000, matsayin da ke da darajar 4,096 sifili ne. In ya juye ya zama ɗaya, 10,000 ta koma 14,096, ba ƙara ba alama, kuma duk wanda ya karanta zai ɗauka haka aka rubuta. Hoton JPEG ya fi haka rauni, domin matse shi aka yi ta yadda kowane yanki ya dogara da na gabansa. Bit ɗaya ya goce a tsakiya, duk abin da ke ƙasa da shi ya rikice. Dalilin rabin shafi mai toka ke nan.

Juyewa a matsayi ɗaya kullum ba aikin birus ba ne, ba kuma na faifai ba. Alamar sandar RAM ce mai mataccen gurbi, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta. Muka tayar da kwamfutar daga kile mai ɗauke da Memtest86+, shirin gwada RAM, ba a jima ba jajayen layuka suka fara sauka a allo. Da muka riƙa cire sandunan ɗaya bayan ɗaya, mai laifin ta fito fili: wata sanda ce ta hannu da aka ƙara bara domin bidiyo ya daina tsayawa. Duk fayil ɗin da aka ɗauko daga katin kamara sai ya ratsa ta RAM kafin ya sauka kan faifai. Wanda ƙaddara ta sa ya bi ta wannan gurbin, ya sauka da tabo.

Abin da ya fi ba Alhaji mamaki shi ne da na ce masa faifansa na waje lafiyarsa lau, kuma yana da tsarin gyaran kuskure mai ƙarfi a cikinsa. Kowane faifai yana da shi. Sai dai faifai abin da aka miƙa masa yake tsarewa. An ba shi gurɓataccen shafi, ya ɗora masa lambobin gadi, ya riƙe shi da amana, duk ranar da aka nema ya dawo da shi yadda aka ba shi.

"To Malam," in ji Alhaji, "ita kwamfutar da ake cewa ba ta mantuwa, ba ta san ta yi kuskure ba?"

Irin tasa ba ta sani ba, Alhaji. Amma akwai wadda take sani.

Lissafin Hamming

A 1947 wani masanin lissafi, Richard Hamming, yana aiki a ɗakin binciken Bell a Amurka, kan wata na'ura mai aiki da makunnan rile. Ƙarshen mako ake ba shi dama, lokacin da babu mai tsaron na'urar. Tana iya gane cewa kuskure ya auku, amma iyakar abin da take yi shi ne ta watsar da aikin ta kama na gaba. Ranar Litinin ya zo ya tarar ba a yi masa komai ba. Ya ga in dai na'ura za ta iya gane an yi kuskure, babu dalilin da zai hana a koya mata gano wurin ta gyara. A 1950 ya wallafa hanyar.

Na zana wa yaran shagon ita a bayan wata tsohuwar rasit, kuma ta cancanci a bi ta a hankali, domin duk sauran sun ginu ne a kan wannan tunani. A jera wurare 7. Wuri na 3, 5, 6 da 7 su ne bayanin gaskiya. Wuri na 1, 2 da 4 masu gadi ne. Mai gadi na 1 yana kula da 1, 3, 5, 7. Na 2 yana kula da 2, 3, 6, 7. Na 4 yana kula da 4, 5, 6, 7. Aikin kowannensu guda ne: ya zama sifili ko ɗaya ta yadda adadin ɗaya-ɗayan da ke rukuninsa zai rabu biyu ba saura. Yanzu a ce wuri na 6 ya juye. Mai gadi na 1 ba ruwansa, 6 ba ta cikin rukuninsa. Na 2 da na 4 kuwa lissafinsu ya karye. Tara 2 da 4, ka sami 6. Masu ƙorafin da kansu sun faɗi adireshin ɓarnar, kuma tunda bit fuska biyu gare shi, gano wurin shi ne gyaran: a juya shi kawai. Wani yaro ya ce a gwada da 5, ya lissafa da kansa ya ga na 1 da na 4 ne za su yi kuka.

A sandar RAM mai ECC, wato mai irin wannan lissafin gyaran kuskure, kowane bit 64 na bayani yana tafe da bit 8 na gadi, jimla 72. Da wannan ana gyara bit ɗaya nan take, in biyu ne suka juye a jeri ɗaya ba a iya gyarawa amma ana ganewa, na'ura ta tsaya ta yi shela maimakon ta wuce da ƙarya. Ko da ido ana iya shaida ta a sandunan DDR3 da DDR4: ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke jiki, ta gama-gari 8 ko 16, mai ECC 9 ko 18. Ƙarin kashi ɗaya cikin takwas ke nan na kaya. Amma sandar kaɗai ba ta isa ba, sai furosesa da allon uwar kwamfutar sun san aikin, abin da akasarin kwamfutocin ofis da na hannu da ke shigo mana ba su da shi.

Mutane suna son labarin haskoki daga sararin samaniya da ke juya bit, kuma gaskiya ne yana faruwa. Tun 1978 injiniyoyin Intel suka nuna cewa ko burbushin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya da ke cikin kwanson ƙwayar yana iya juya shi. Amma binciken da Bianca Schroeder da abokan aikinta suka fitar a 2009, bayan bin diddigin kwamfutocin Google na tsawon shekara biyu da rabi, ya nuna abin da ya fi kusa da mu. Wajen kashi ɗaya cikin uku na na'urorin sun ga aƙalla kuskure ɗaya a shekara, fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan abin ya shafa, kuma mafi yawa ba tsautsayin lokaci ɗaya ba ne, lahani ne zaunanne da ke maimaituwa a wuri guda. Sandar da ta yi sau ɗaya ita ce za ta sake. Irin ta Alhaji ke nan.

Ciwon SSD dabam ne

SSD da katin memori da kile duk dangi ɗaya ne, filash irin na NAND da Toshiba ta fito da shi a shekarun 1980. Kowane gurbi a cikinsa caji ake ɗurawa a rufe, yawan cajin shi ne bayanin. Ka ɗauke shi kamar randa da aka yi wa zane a ciki, ana karanta saƙo da inda ruwa ya tsaya. Na farko zane ɗaya gare su a tsakiya, ko cike ko wofi, bit ɗaya. Ko ruwa ya ragu da yawa ba a ruɗewa. Da aka so arha sai aka raba randar mataki 4, sannan 8, yanzu har 16, domin gurbi ɗaya ya ɗauki bit 2, 3 ko 4. A mai mataki 16, ɗan tsiyaya kaɗan ya isa ya sauke ruwa daga wannan zane zuwa na ƙasa. Randar kuwa tana tsiyaya, zafi yana ƙara mata, kuma kowane gogewa da sake rubutu yana cin jikinta.

Saboda haka lissafin gadi ya yi ta ƙaruwa. Tsofaffin filash gyaran bit ɗaya a kowane baiti 512 (baiti ɗaya bit 8 ne) ya ishe su, irin na Hamming. Da aka zo masu bit 2 aka koma tsarin BCH, wanda Bafaranshe Alexis Hocquenghem ya samo a 1959, Bose da Ray-Chaudhuri kuma a 1960, mai iya gyara gomman bit a kowane kilobaiti. Masu bit 3 da 4 na yau LDPC suke amfani da shi, aikin digirin Robert Gallager a jami'ar MIT a farkon shekarun 1960, wanda aka jingine shekara talatin saboda na'urorin lokacin ba za su iya lissafinsa ba, sai a shekarun 1990 aka tono shi. Ƙarfin LDPC shi ne yana aiki da shakka. Idan karatun farko bai daidaita ba, SSD yana sake karanta gurbin sau da yawa, yana ɗan matsar da ma'auni sama da ƙasa, har ya iya cewa wannan bit tabbas ɗaya ne, wancan kuwa mai yiwuwa sifili ne. Da wannan yake warware abin da BCH zai sallama.

Jinkirin da yaran suka gani wajen buɗe tsoffin fayil, wannan maimaita karatun ne. SSD ɗin yana can yana fama, yana cin nasara da ƙyar, bai gaya wa kowa ba. Bidiyoyin da suka ƙi buɗuwa su ne inda kurakuran suka fi ƙarfin lissafin.

Ƙa'idar JEDEC, hukumar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ta ce SSD na gama-gari da ya cinye adadin rubutun da aka yi masa alkawari ya kamata ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta, a zafin digiri 30. A lura, na wanda ya tsufa ne, sabo yana wuce haka nesa. Amma na Alhaji ba sabo ba ne, ya yi shekaru yana shan bidiyo kafin a yi masa ritaya zuwa dirowa. Kuma digiri 30 a Damagaram sanyi ne. A Afrilu da Mayu rana tana haura 40 a inuwa, balle cikin dirowar ƙarfe a shago mai rufin kwano. Daga Agustan 2023, lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke na tsawon watanni, shagon ya koma lallaɓa aiki da ƙaramin janareto, ba a jona wannan SSD sai na ɗan lokacin da za a zuba masa sabon aiki. Mai kula da ke cikinsa yana iya sabunta gurbin da ya raunana, amma sai da wuta, kuma galibi sai an karanta wurin.

Abin da aka yi

Alhaji ya so ya sayi sabuwar kwamfuta fil, domin wani dillali a Kano ya tabbatar masa a waya cewa DDR5 tana da ECC tun daga masana'anta. Dillalin bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi duka ba. Kowace ƙwayar DDR5 tana da ɗan gyara na cikin gida, bit 8 na gadi kan kowane 128, an sa shi ne domin gurabun sun ƙanƙance har ba za su tsaya da ƙafarsu ba. Ba ya tsaron hanyar da ke tsakanin sanda da furosesa, kuma ba ya kawo wa mai kwamfuta rahoton yau da kullum. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Gyaran da ake yi a ɓoye yana jinkirta ranar ɓarna ne kawai, ranar da ya gaza ba ka da labarin cewa an daɗe ana fama. Wanda ke ƙirgawa ya faɗa maka, shi ke ba ka damar canza kaya tun fayil bai taɓu ba.

Muka tsaya kan tsohuwar kwamfutar aiki ta hannu mai furosesa Xeon da sandunan DDR4 masu ECC na gaske, irin waɗanda kamfanonin Turai ke sallamarwa. Ta fi sabuwar arha, ta fi ta cin wuta, wannan kuma ba ƙaramar magana ba ce ga mai dogaro da sola da batir. Don haka ba ta kwana a kunne. Aikinta biyu ne: ita kaɗai ake soka wa katin kamara, kuma ita ce rumbu. Aka sa mata Linux da faifai biyu masu juyawa a tsarin ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005. ZFS yana yi wa kowane yanki hatimin lissafi, yana rubuta shi a faifan biyu. In ya karanta ya ga hatimi bai dace ba, ya ɗauko na ɗaya faifan ya gyara, ya kuma rubuta cewa ya yi. Sau ɗaya a wata ana sa shi ya bi rumbun gaba ɗaya yana dubawa, aikin da ke cin sa'o'i, shi ya sa ake fara shi da hantsi lokacin da sola ke da ƙarfi, da onduler, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, a tsakani.

Ga kwafin da zai bar shago, ko na dirowa ko na mai aiki, muka ƙara par2. Shiri ne na kyauta da ke amfani da lissafin Reed da Solomon na 1960, wanda ke sa faifan CD mai ƙarzuwa ya ci gaba da waƙa, lambar QR kuma ta karantu ko gefenta ya yage. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa ya ƙirƙiro ƙarin gunduwoyi na gyara, mu kashi 10 cikin ɗari muka zaɓa. Kowace gunduwar gyara tana maye gurbin kowace gunduwa ɗaya da ta lalace, ko a ina take. Abin lura, bit ɗaya ya isa ya kashe gunduwa sukutum, don haka gara a yanka ƙanana da yawa da a yanka manya kaɗan. Kuma a kan kwamfutar mai ECC ake yin sa, da zarar an sauke kati. In an yi shi bayan ɓarna ta shiga, ɓarnar aka buga wa hatimi.

SSD an cire shi daga aikin ajiya, ya koma inda ya fi amfani, wurin haɗa bidiyo. Babbar kwamfutar shagon ta da ma tana nan da sabuwar sanda, a kanta yara ke yanka da jerawa. Ba ta da ECC, na sani, amma in ta ɓata wani abu asalin yana rumbu.

A gefen rumbun an manna takarda. Kowace Asabar babban yaron shagon yana buga umarni ɗaya da na rubuta masa, ya kwafe adadin kurakuran da aka gyara a kowane ramin sanda. An daɗe ana rubuta sifili har suka fara yi mini dariya. Da zafin bana ya kama, rami ɗaya ya fara nuna lamba, mako na gaba ta ninka. Kayan hannu ne, ba abin mamaki ba. Aka zare sandar aka sa wata, aka bi rumbun da dubawa, ba fayil ɗaya da ya taɓu.

Abin da bai dawo ba

Daga tsohon SSD mun kwashe mafi yawa da ddrescue, wanda ke tsallake wurin da ya ƙi ya dawo masa daga baya yana ta gwadawa. Wasu bidiyoyin sun dawo da ɗan tsalle a tsakiya. Na wani biki guda bai dawo ba, kuma biki ba a maimaita shi. Alhaji ya mayar da kuɗi, ya bi dangin amarya yana tattara guntayen da aka tura ta WhatsApp, masu dishi-dishi, ya haɗa musu abin da ya samu.

Takardun Birni suna nan, ana iya sake ɗauka, in mai su ya yarda. Muka tafi tare da Alhaji bayan la'asar, muka tarar da dattijon a zaure. Alhaji ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, aikin ya sami matsala daga wajenmu, mun zo neman alfarma a sake ba mu takardun." Ya sa aka yi masa bayani har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Ya yarda, amma da sharaɗi: takarda ba za ta sake fita daga gidan ba, a zo da kamara a yi a gabansa.

Sharaɗin nan ya bar mu da ramin da har yanzu ba mu cike ba. Tsakanin zauren Birni da shagon Zango, hoton yana zaune a wuri ɗaya tak, katin memori, wanda gyaransa na ciki ba ya ba da rahoto, kuma kasuwa cike take da na jabu masu nuna girman da ba su da shi. Kowane sabon kati yanzu sai an cika shi an karanta da shirin gwaji na H2testw kafin a yarda da shi. Kamara mai ramin kati biyu, mai rubutawa a duka lokaci ɗaya, ita ce maganin, amma kuɗinta ya fi ƙarfin shagon a bana. Kafin nan, kowane shafi sau biyu ake ɗaukarsa, kuma ba a mayar da kundi cikin gafakarsa sai an sauke katin a shago, an buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, jikan Malam yana zaune yana bin layukan da ido.